Takardar Koke Kan Filin Sabuwar Majami'ar Ƙauyukanmu Biyu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun dagatanmu biyu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, mu dattawa da zumuntar mata da matasan Cocin Katolika na ƙauyuka biyu da ke ƙasarka muna kawo kukanmu gabanka game da filin da muke so mu gina majami'a guda wadda za ta ɗauke mu gaba ɗaya.

Kamar yadda labari ya riga ya iso fada, Bishop ya haɗe ikilisiyoyinmu biyu sun zama ɗaya a hannun limamin coci guda, wato Fada. Ya yi haka ne bisa kundin dokokin Cocin Katolika na 1983, wanda sashe na 515 ya ba shi ikon kafa ikilisiya ko sauya ta bayan ya ji ta bakin majalisar limamansa, sashe na 121 kuma ya ɗora wa sabuwar ikilisiyar dukiya da bashin tsofaffin biyun. Mun kawo wannan bayani ne saboda maganar da ke yawo a kasuwa cewa wai ƙauye ɗaya ya haɗiye ɗan'uwansa. Haɗin bai taɓa sarauta ko iyakar gona ba, kowane ƙauye yana nan ƙarƙashin dagacinsa.

A takarda mun zama ɗaya, amma har yau ba mu da inuwa ɗaya. Tsofaffin majami'un na laka ne, kuma babu wadda za ta ɗauki jama'ar duka. Ta gabas katangarta ta tsage har an tokare ta da azara, kwanon ta yamma kuwa yana yoyo, sai an jera robobi a gaban bagadi in hadari ya taso. Lahadin da sujada ta faɗa ƙauye ɗaya, tsofaffin ɗaya ƙauyen sukan isa bakin rafi su tarar ya kawo, su juya gida da takalma a hannu.

Saboda haka iyalai biyu suka ba da kyautar gonakinsu da ke kan tudu tsakanin ƙauyukan, kusa da gada, inda kowa zai iya zuwa rani da damina. Mun zagaya wurin tare da masu unguwanni, mun tabbatar bai shiga burtali ba, yana kuma nesa da masallacin Juma'a da maƙabarta, domin ba ma son gininmu ya zame wa maƙwabtanmu Musulmi abin damuwa. Bulon da matasa suka buga yana jibge ruwa na cinsa, mun hana a haƙa tushe sai takarda ta fito.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka a kan filin da ba ya cikin birni, kuma mun san maganar fili ba ta tafiya sai da shaidar iyayen ƙasa. Muna roƙon Mai Girma ya turo wakili tare da dagatai a kafa duwatsun iyaka a gaban iyalan da suka ba da gonakin, sannan ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar shaida. Muna kuma roƙon a sa tsofaffin filayen biyu cikin shaidar, a bar su a hannun ikilisiya, domin kaburburan iyayenmu suna bayansu.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne masu biyayya,
Dattawan ikilisiya, a madadin jama'ar ƙauyukan biyu.