Gidan Landan da rabon gado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja kunnen masu sayen gida a Ingila.

Yayana, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar gida a Landan, bai rubuta wasiyya ba. Mu a Kano mun ɗauka malami zai zauna ya raba, matarsa tumuni, Hajiyarmu sudusi, saura na 'ya'ya. Ashe gida dokar ƙasar da yake cikinta yake bi. A can, in babu wasiyya, mata ce ke fara ɗaukar fam 322,000, ta ƙara da rabin abin da ya rage, sauran rabin 'ya'ya su raba daidai, namiji da mace. Uwa kuwa ko sisi. Ga harajin gado, kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000, sai dai ba ya hawa kan rabon mata.

Allah Ya sa matar mai tsoron Allah ce, ta yarda aka koma rabon Musulunci. Da ta ƙi fa?

Dokarsu ta yarda mutum ya rubuta a raba dukiyarsa bisa Shari'a. Ranar da ka karɓi makulli, nemi lauya ka rubuta.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga Fagge, Kano