A kan yadda muke fita bishara a Jos

Ranka ya daɗe Edita, ina gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana Kirista musamman mu na nan Jos, na san yawancin masu karanta jaridar nan Musulmi ne to su ma ba laifi su ji tunda maƙwabta muke kuma kasuwa ɗaya muke ci. Ni kayan miya nake sayarwa a Farin Gada, tumatir da attarugu da kabeji da karas, kuma na haura shekara 20 a zumuntar mata ta majami'armu, fita bishara kam na yi ta ba adadi shi ya sa abin yake ci min rai.

Abin da ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan, watan jiya ne da asuba wajen ƙarfe 5 saura, sanyin nan namu da ko hannu ba ka son fitarwa daga bargo, sai ga wani ɗan'uwa da lasifikar hannu ya zo ya tsaya daidai tagar maƙwabciyata yana ɗaga murya wai ku tuba, mashaya ba za su ga mulkin Allah ba, wuta na jiran su. Edita, matar nan kwananta uku ke nan da binne ɗanta, yaro ɗan shekara 19 da goskolo, barasar nan mai ƙarfi, ya cinye masa hanta. Ta bango nake jin kukanta. Ni ban ce da mugunta ya yi ba, mutum ne da ya bar barcinsa saboda Ubangiji kuma Allah ya san zuciyarsa, amma bai san gidan waye ya tsaya ba, bai san sunan kowa a layin ba, ya gama ya kaɗa rigarsa ya wuce layi na gaba ya bar mu da aikin rarrashi har gari ya waye. Tun ranar matar nan ba ta sake taka ƙofar coci ba.

To ni dai a Littafi Mai Tsarki da nake karantawa ba haka na ga Yesu ya yi da mutum ɗaya ba. A Yohanna sura 4 da ya haɗu da matar nan Basamariya a bakin rijiya ai roƙonta ya fara yi, ya ce ta ba shi ruwa ya sha, ya zauna ya bar ta ta yi tambayoyinta har da gardama, sai da hira ta yi nisa sannan ya taɓo zancen mazajenta, kuma ƙarshenta ita da kanta ta bar tulunta ta ruga gari tana kiran mutane. Filibus ma a Ayyukan Manzanni sura 8 tambaya ya fara yi wa mutumin Habasha da ke karatu a cikin karusarsa, ko kana gane abin da kake karantawa, kuma sai da aka gayyace shi ya hau karusar. Andarawus kuwa ɗan'uwansa Siman ya fara nemowa ya kawo wurin Yesu, na gida. Ga kuma 1 Bitrus 3:15 da kusan kowa ya haddace rabinta, a zauna a shirye a ba da amsa ga mai tambaya, amma sai mu manta ƙarshen ayar da ya ce a yi shi da tawali'u da ladabi.

Iyayenmu sun fi mu gane wannan wallahi. Turawan mishan da suka zo a 1893, su Bingham da Gowans da Kent, biyu daga cikinsu wajen shekara ɗaya da zuwansu suka mutu, na ƙungiyar mishan ta SUM kuma suka sauka Wase a 1904, kuma ba wanda zai ce maka taron jama'a suka samu a farkon nan, zama suka yi suka koyi harshe suna wanke gyambo suna koya wa mutane a b c, har aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma ma ba su ne suka kai bishara yawancin ƙauyukanmu ba, 'yan ƙasa ne, manoma da masu aikin kuza da suka ji suka koma gida suka faɗa wa 'yan'uwansu. Kakata ta wajen uwa a Mangu, wata maƙwabciyarta ce take zuwa taya ta sussukar acca, suna aiki tana rera mata waƙoƙin coci tana ba ta labarin Yusufu da 'yan'uwansa kaɗan kaɗan kamar tatsuniya, damina biyu ana haka kafin kakata ta ce za ta bi ta sujada. Da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya zo a shekarun 1960 ma ai tsarin ke nan, a taru a yi addu'a a gidaje, a koya wa talakan mai bi yadda zai ba da shaida, sannan a fita biyu biyu kamar yadda Yesu ya aiki almajirai a Luka sura 10. Babana har ya rasu yana kiran sunayen mutanen da ya yi wa addu'a a ƙungiyarsu.

Yanzu fa? Mun koma lissafi. A fita ranar Asabar a dawo a ce rayuka 40 sun karɓi Yesu a tafa, ran Lahadi ka duba benci ko ɗaya babu, in ka ce ina lambar wayarsu ina gidajensu sai a fara kallon juna. Wasu kuma sai an ɗauki hoton tsohuwa tana karɓar mudun shinkafa an sa a Facebook, haba jama'a, in za ka ba mai yunwa abinci ka ba shi don yana jin yunwa, kar ka ɗaura masa sharaɗin sai ya maimaita addu'a a bayanka, mai jin yunwa ai ko me ka ce zai ce amin. Takardun bishara kuma yawanci da Turanci ake kawo mana su, mu miƙa wa mama da ko Hausa da kyar take haɗa baƙi, gobe ka ga an ƙunshe ƙosai da su. Na WhatsApp ɗin nan na tura wa mutum 10 ka ga albarka kuwa ba ma sai na ɓata fili a kansa ba.

Bari in faɗi wanda na gani da idona. Akwai wani yaro mai tura baro a kasuwarmu, ɗan gidan Kirista ne har da sunan baftisma amma ƙwaya ta riƙe shi, kullum ido ja, in ya samu ɗari biyar sai jangul, matattarar 'yan shaye-shaye. Mata da yawa sun yi masa wa'azi har da masu ɗora masa hannu a tsakiyar kasuwa mutane na kallo, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce amin mama ya wuce. Ni ma haka na fara, ayoyin Romawa ɗin nan da aka koya mana, 3:23 da 6:23 da 5:8, na jera masa su tas kuma gaskiya ne duka, amma ko gezau. Ran nan ana ruwa ya fake a rumfata yana rawar sanyi, na zuba masa gwate mai zafi daga kulata na ce zauna ka ci, ban ce masa komai na Allah ba sai na tambaye shi ina mamarka. Edita yaron nan ya ajiye cokali ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba, can ya ce an kashe ta a rikicin 2010 yana ƙarami, a gidan kawu ya tashi kuma ba a taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. Shekara nawa muna jefa masa aya ba wadda ta san wannan a cikinmu. Daga ranar kullum sai ya biyo ya gaishe ni, wata rana mu yi addu'a a bayan buhunan kabeji wata rana hira kawai, wata na biyar shi da bakinsa ya ce mama wai da gaske Allah yana yafe wa irin mu, a nan ne na buɗe masa labarin ɗan nan da ya ɓata a Luka 15 na karanta masa da Hausa a hankali, ya ce in sake. Ba zan yi ƙarya in ce ya daina shaye-shaye gaba ɗaya ba, yana faɗuwa yana tashi, sau biyu yana bina coci sau ɗaya kuma ya ɓace sati uku sai da na aika a nemo shi.

Sai maganar maƙwabtanmu Musulmi, wadda dole in taɓa. Tun rikicin Satumba 2001 garin nan ya rabu, unguwa ta zama ta waɗannan ko ta waɗancan, yaran da aka haifa bayan nan wasu ba su taɓa cin abincin salla ba wasu ba su taɓa cin na Kirsimeti ba. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, mu da su duka, amma bai ba kowa lasisin zagi ba, kuma duk mai wa'azin da zai buɗe baki ya aibata abin da wani yake girmamawa to ya sani wuta yake hurawa a garin da bai gama warkewa ba. Dillalin da nake sayen tumatir a hannunsa Alhaji ne, shekara 12 muna tare, ya taɓa tambayata me ya sa muke kiran ranar da aka gicciye Yesu Juma'a mai kyau, na faɗa masa abin da na gaskata ban rage ba ban ƙara ba, shi ma ya faɗa min nasu fahimtar, muka yi sallama lafiya kuma da aka kwantar da mijina a asibiti har gida ya zo gaisuwa da ledar lemo.

Roƙona ga iyayenmu fastoci da shugabannin matasa da na zumuntar mata, kafin a sake tura mu fita a zaunar da mu a koya mana yadda ake sallama a ƙofar gida, yadda ake sauraro, da yadda ake haƙura a tafi in mutum ya ce ba ya so, a samo mana takardu da Hausa da Berom da Ngas da sauran harsunanmu, kuma duk wanda ya rubuta sunan wani a littafi a tambaye shi bayan wata ɗaya ko ya koma ya duba shi. Shi kuma ɗan'uwa mai lasifika in Allah ya sa ya ga wannan wasiƙa, don Allah ya dawo layinmu da rana ba tare da lasifikar ba, ni zan raka shi gidan matar nan mu yi mata gaisuwar rasuwa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Taku mai karatu,
daga Kabong, Jos