Wasiƙa daga Chennai

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Na san kana cike da ni, wata huɗu ko layi ɗaya babu. Ka ɗora laifin a kan jarrabawa. Akwai tambayar da nake son yi maka, amma bari in fara ba ka labari.

Ranar Asabar abokin ɗakina ya ja ni garinsu, Swamimalai, kusa da birnin Kumbakonam, a nan kudancin Indiya. Gidansu maƙeran tagulla ne, su ke zuba gumakan da ake kaiwa ɗakunan bautar Hindu. Kar ka fara wa'azi, Ustaz, kallo kawai na yi, la'asar ma ba ta wuce ni ba.

Jinin maƙera kuwa ya motsa. Da kakin zuma da ƙaro suke fara fitar da siffar, da tsinken ganyen kwakwa suke awo. Sai a lulluɓe da lakar kogin Kaveri, ta bushe, a gasa, kakin ya tsiyaye, a kwarara narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Dole a fasa lakar kafin a ga abin da ya fito, don haka kowane zubi sau ɗaya ne. Ido ake sassaƙawa a ƙarshe, a wurinsu sai an buɗe shi ake bauta wa abin. Gadon ya kai zamanin sarakunan Chola, waɗanda suka gama babban haikalin Thanjavur a 1010.

Gunkin da ya tsayar da ni sunansa Narasimha, kan zaki, jikin mutum. Wai wani azzalumin sarki ne ya samu tauri: mutum ba ya kashe shi, dabba ma haka, ba dare ba rana, ba cikin gida ba waje, makami ba ya cinsa. Ya tasa ɗansa Prahlada a gaba don yana bauta wa Vishnu, ɗaya daga cikin allolin Hindu. Sai Vishnu ya fito daga cikin ginshiƙi da almuru a siffar Narasimha, ya ɗora sarkin a cinya a bakin ƙofa, ya farke shi da farce. Nan take na tuna ɗan taurin unguwarmu da reza ta yanka wajen aski, na fashe da dariya, tsohon maƙerin ya bi ni da harara.

Af, da gaske ne Kawu ya sayar da babur ɗin ya ƙara aure? Kai kuma yaushe? Ka turo min yaji da kuka in wani zai taho, shinkafa da miyar tsamiya sun ishe ni.

Naka,
Ɗan maƙera