A Koya wa Yara Tausayi da Littafi Ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna kira ga 'yan uwanmu malaman koleji na Tawa: a zaɓi ƙagaggen labari ɗaya, a karanta wa aji babi guda kowane mako da murya sama, tunda littattafan ba sa isar kowa. A tsaya daidai inda rikici ya ƙullu. Yara shida-shida su kwaikwayi wurin cikin minti 5, sannan a yi musanya, azzalumi ya koma wanda aka zalunta. Nan ne aikin yake.

Don Allah kada a ba maraya rawar maraya, fami ne. Kuma sunan mugu yakan bi yaro har unguwa, shi ya sa malam zai kira kowa da sunansa na yanka kafin a tashi, ya tambaye shi: "Me ka ji a ranka?"

Wasu malaman koleji, Tawa