Wasiƙa daga Katsina: yaran kangon bayan gidanmu

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya Kumasi, ya ruwa? Na ji ƙorafinki cewa na yi shiru. Wallahi ba mantuwa ba ce, wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Kin tuna kangon nan na bayan gidanmu, wanda muke ratsawa in za mu islamiyya? Yanzu cike yake da mutane. 'Yan ƙauyukan Batsari da Jibiya ne da 'yan bindiga suka tasa, aka ƙone rumbunansu, aka kore shanu da awaki. Ba sansani ba ne, babu mai rubuta sunansu balle ya raba musu hatsi. Manoman da muke cin geronsu ne fa, yau matansu ke bin gidaje neman wankau da surfe.

Akwai wata yarinya a cikinsu, ba ta cika shekara biyu ba. Ranar da na fara ganinta a bayan uwarta, kumatu sun ciko, ƙafafu ɓul-ɓul, har na ce tubarkalla. Kakarta ta ce haƙori ne ke sa ta gudawa, ana ta jiƙa mata saiwoyi. Sai da ƙanwar maigidana, wadda ke aikin asibiti, ta zo ta danna bayan ƙafar yarinyar da babban yatsa, ta ɗan riƙe, ta ɗaga. Ramin ya zauna kamar an danna tuwo. Ta ce mini, "Yaya, wannan ba ƙiba ba ce, kumburin tamowa ne." Sannan na lura da gashinta, ja, sharara kamar gemun masara. Abin da ya fi tsorata ni, ko kuka ba ta yi, kallo kawai.

A asibiti suna da wani ɗan zare mai launi uku da suke naɗawa a damtsen yaro. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, abin ya yi tsanani. Ita kuwa kumburin kaɗai ya isa, gado aka ba ta. Madara ta musamman suka fara ba ta, kaɗan-kaɗan, dare da rana, domin jikin da ya daɗe da yunwa abinci mai nauyi na iya kayar da shi. Da ta farfaɗo aka sallame su da ƙunshin gyaɗar nan mai haɗe da madara da mai da sukari.

Ga inda zuciyata ta karye. An ce magani ne, ita kaɗai za ta sha. To uwa ta yage leda, yayyenta biyu na tsaye da kwanan yunwa suna kallon hannunta, ya za ta yi? Lakata take musu. Ni dai bakina bai iya yi mata faɗa ba. Kuma ko yarinyar ta warke, tukunyar da ta kwantar da ita za ta koma wa: kunun tsaki tsararo, ba mai, ba wake. Ga damina, ga zazzaɓin cizon sauro. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinsu na Katsina cikin wata shida na farkon 2025, kuma waɗanda suka kai asibiti ke nan.

Shi ya sa nake neman izininki. Kuɗin sadakar da kike aikowa don Inna, Allah ya jiƙanta, bana ina so in sayi gero da waken soya da gyaɗa da su, mu soya, mu niƙa, mu raba wa iyayen su riƙa dama wa ƙananan. Matan layinmu uku sun yarda za su kama mini. In kin amince, ki sanar da ni kafin Juma'a, hatsi kullum ƙara tashi yake.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan auta.

Taki har kullum,
aminiyarki ta Katsina