Sanarwa ga masu na'urar wasa ta hannu

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Nima da Maamobi a Accra. Hunturu ya kama, kuma ƙura ba ta jituwa da sandar sarrafa Nintendo Switch, sai ka ga ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai. Ku riƙa mayar da na'urar jakarta in an gama. In dumsor ya zo, ku zare caja kafin wuta ta dawo, haka tawa ta ƙone bara. Kada a bar na'urar cikin mota da rana, zafi yana kashe batir.

Masu Switch 2, tsohon katin ajiya na microSD ba ya ɗaukar wasa, sai microSD Express. Mai zuwa kasuwar Circle sayen na'ura ta gwanjo, ya gwada kowane maɓalli kafin ya miƙa sidi.