Maganin gigin tsufa: ku riƙa cewa "a jikin ɓera"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Makon jiya Gwaggona ta bugo mini waya daga Funtuwa, murya cike da murna, wai ta ji a WhatsApp Turawa sun samo maganin gigin tsufa, in sayo wa yayanta, Baffana, wanda yanzu yakan tambayi ɗansa na fari ko shi wane ne. Da na bi diddigin labarin, sai na tarar a jikin ɓera aka gwada.

Irin ɓerayen nan su ne aikina. Ina ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI a wani ɗakin bincike a Jamus. Ta asibiti ƙarfin maganaɗisunta tesla 1.5 ne ko 3, tamu kuwa 9.4, domin ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba. Nakan shaƙa masa iskar sa barci, in shimfiɗa masa abin ɗumi kada sanyi ya kashe shi, idona a kan numfashinsa har a gama. Daɗin abin, ba sai an yanka shi ba. Ɓera ɗaya zan ɗauka yana wata uku, in sake a wata shida, in sake a shekara, ina auna yadda sashen da ke riƙe tunani yake canzawa.

Sai dai ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzheimer, wadda ke kawo gigin tsufa, don kansa. Mu muke dasa masa ƙwayar halittar da aka samo daga iyalai masu gadon cutar, kuma irinsu 'yan kaɗan ne cikin masu fama da ita. A 1999 wata allurar rigakafi ta hana dattin amyloid, wanda ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar, taruwa a ƙwaƙwalwar ɓeraye, aka yi ta murna. A 2002 aka dakatar da gwajinta a kan mutane, saboda wasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura. Ko maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 rage gudun cutar kawai yake yi, ga tsada, kuma sai ana ta sake yi wa majiyyaci MRI.

Roƙona gare ku 'yan jarida, duk lokacin da irin wannan labari ya zo, ku sa "a jikin ɓera" tun a kanun labarin. Ni dai na ce wa Gwaggo a kai Baffa wurin likitan ƙwaƙwalwa, a duba masa hawan jini da suga. Ta yi shiru, sannan ta ce to, amma dai in ƙara tambaya a kantin magani.

Naka,
Wani ɗan Funtuwa da ke aiki a Jamus